Hira Mai Lamba Talatin da Ɗaya

A ofishin bincike na asibitin, kowa Anti Tafireta yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Sunan ya biyo ta ne tun daga wani shago da ke gefen kotu, inda ta koyi bugun takardu tana 'yar shekara goma sha bakwai. A lokacin mahaifinsu ya rasu, ciwon ƙafa kuma ya kwantar da mahaifiyarsu, sai ya zama ita ce uwa ita ce uba ga ƙaninta Auta, wanda bai wuce shekara biyar ba. Ita ke yi masa wanka, ita ta kai shi makaranta, ita ta je ta tsaya a gaban malamin da ya fasa masa baki har sai da ya ba da haƙuri. Da ya girma ya ce shi karatu ya ishe shi, gyaran firji yake so, ta yi kwana uku ba ta ce masa uffan ba. A na huɗu ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani tsohon mai gyara, ta ce, "Ga shi nan, idan ya yi wasa ka gaya mini."

Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, mijin ya rasu, 'yar ta girma ta bi nata mijin can nesa. Tafireta ta wuce, kwamfuta ta zo, amma yatsun Anti ba su canja ba. Mace ce da ba ta son kuskure, a takarda ko a mutum. Idan ana hirar 'yan'uwa a ofis, wannan na kukan ƙaninsa, wancan na kukan ɗan wansa, sai ta gyara tabaraunta ta ce, "Ni dai nawa bai taɓa sa ni jin kunya ba." Kowace Asabar Auta yakan zo gidanta da rana, ya ci abinci, ya leƙa bayan firjinta ko da lafiyarsa ƙalau, ya tafi.

Shekarar da ta cika hamsin da uku, wata likita matashiya da ake kira Dakta ta kawo sabon aiki ofishin. Bincike ne a kan abubuwan da ke jefa manya cikin shan giya har ta fi ƙarfinsu. Ta tara ma'aikata ta yi musu bayani a gaban allo. Za a je ƙananan asibitocin unguwanni guda shida, a ɗauki rajistar masu zuwa ganin likita, a zaɓi kowane suna na goma, don kada a ce an tsinci waɗanda aka ga dama. Wanda ya yarda ya sa hannu, za a yi masa tambayoyin da ke kan takarda: aikinsa, aurensa, barcinsa, ciwon jikinsa, ko an yi masa rasuwa, ko akwai mai sha a gidan da ya tashi. Daga nan a kwatanta masu sha da yawa da waɗanda ba sa sha, a ga inda suka bambanta. Mutum arba'in kuma daga cikin waɗanda abin ya yi wa nisa za a zauna da su a yi doguwar hira, a naɗa a rikoda.

"Nan ne aikinki, Anti," in ji Dakta. "Ki buga duk abin da kika ji. Idan mutum ya yi tari ki rubuta ya yi tari, idan ya yi shiru ki rubuta tsawon shirun. Kada ki gyara masa magana. Sunan mutum ko na unguwa ya fito, ki cire. Ba mu da suna a nan, lamba muke da ita. Idan kuma kika ji muryar da kika sani, ki tsaya nan take ki kawo mini."

Anti ta yi tsaki a ranta. Ina ita ina sanin mashaya?

Aka ba ta ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, da tebur, da abin sauraro mai rufe kunne, da wani abin takawa a ƙasa, in ta taka murya ta ci gaba, in ta ɗaga ƙafa murya ta tsaya. Mai yin hirarrakin wani ma'aikaci ne da ake kira Dogo, mutum mai haƙuri, wanda zai iya barin shiru ya yi minti guda bai cike shi ba. Da farko abin har dariya yake ba ta. Kusan kowa da "ɗan kaɗan nake sha" yake farawa. Shi ya sa Dogo ke yawo da kati mai hotunan kofuna da kwalabe, ya ce mutum ya nuna girman kaɗan ɗin nasa. Wani ya rantse kofi ɗaya yake sha, da aka nuna masa katin sai ya ce nasa kofin ba ya cikin hoton, ya ɗan fi wancan babban. Anti ta yi dariya har ta cire tabarau.

Kafin ta kai hira ta ashirin dariyar ta ragu. Ta ji direban da ya daina barci tun ranar da ya kaɗe mutum. Ta ji malamar da ke zuba abin a kwalbar maganin tari. Ta lura cewa mutane ba sa faɗin gaskiya a tambaya ta farko, sai an zagayo an sake tambaya ta wata hanya. Duk da haka, idan ta rufe kwamfuta ta tafi gida, a can take barinsu. Mutanen wasu ne.

Ranar wata Talata da hantsi ta buɗe hira mai lamba talatin da ɗaya. Dogo ya karanta takardar yarda kamar kullum, ya ce babu wanda zai san abin da aka faɗa sai ma'aikatan bincike. Mutumin ya gyara murya sau biyu, ya ce, "To, ba damuwa, ka gane ko?"

Ƙafarta ta ɗaga da kanta. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Ta gaya wa kanta masu cewa "ka gane ko" sun fi dubu a garin nan. Ta sake takawa. Dogo ya tambayi sana'a, mutumin ya ce yana gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Muryar Auta ce.

Ta san abin da aka ce ta yi. Ofishin Dakta taku goma ne daga ƙofarta. Ta miƙe har ta kama hannun ƙofa, sai ta murza makulli ta dawo ta zauna.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana sha, in ji shi. Ya fara ne bayan ya faɗo daga tsani yana ɗaura na'ura a hawa na biyu, bayansa ya ƙi daina ciwo, wani abokin aiki ya ce ga abin da zai sa ya runtsa. Da farko sai ciwon ya tashi yake sha. Daga baya 'yarsa ta fari ta rasu, zazzaɓin kwana biyu, yana wani gari wurin aiki, ya dawo ya tarar an gama komai. Tun daga nan bai ƙara jiran ciwon baya ba. Yana ajiye kwalbar a cikin wani mataccen firji a bayan shago. Ranar Juma'a ba ya taɓawa tun daga azahar, saboda washegari yana zuwa gidan yayarsa, kuma hancinta ba ya kuskure.

Dogo ya tambaye shi, "Idan abu ya dame ka, wa kake gaya wa?"

Shiru. Anti ta duba agogon kwamfuta saboda sabo, ta buga: ya yi shiru na daƙiƙa goma sha tara.

"Babu," in ji Auta. "Ina da yaya, ita ta raine ni, ba ni da kamarta a duniya. Amma ita ce ta ƙarshe da zan gaya wa. Ka gane ko, ita ba ta tambayarka don ta ji. Kafin ta tambaya ta riga ta san amsar da take so. Ranar da na dawo na tarar yarinyata ba ta, na zauna a ƙofar ɗaki zan yi kuka, ta dafa kafaɗata ta ce, tashi, kai namiji ne, matarka na kallonka. Na tashi. To har yau ban zauna ba."

Ta tuna ranar sarai. Ta tuna rigar da ke jikinsa, da ƙurar hanya a gashinsa. A lissafinta, ƙarfafa shi ta yi. Yatsunta suka ci gaba da aiki, hawaye na ɗiga a kan tebur, har ta buga hirar duka, minti hamsin da biyu, ba ta tsallake ko tari ɗaya ba.

Washegari da safe ta shiga wurin Dakta ta rufe ƙofa. Ta faɗi komai a tsaye, kamar mai ba da shaida.

Dakta ta ce, "A minti na nawa kika gane shi?"

"A na farko."

"Kuma kika saurara har ƙarshe."

"Ƙanina ne, Dakta."

"Na sani, Anti. Zauna mana." Ta ja mata kujera. "Ban ce da ni ce da na iya tsayawa ba. Amma mun yi wa mutumin nan alkawari a rubuce, kuma alkawarin ya karye a hannunmu. Dole in sanar da kwamitin da ke sa ido a kan bincikenmu. Shi ma dole a gaya masa."

Anti ta ce, "A gaya masa? Don Allah, ranki ya daɗe, ki kore ni daga aiki, amma kada ki gaya masa. Zan riƙe a cikina har in mutu. Wa zai sani?"

"Mu mun sani. Maganarsa ce, ba tamu ba. Shi ke da ikon cewa a ci gaba da amfani da ita ko a goge. Idan muka ɓoye masa, da wane baki Dogo zai sake karanta wa wani takardar nan gobe?"

Anti ta roƙa har muryarta ta dushe. Ta girmi Dakta da shekara ashirin, amma ranar ta fita daga ofishin kanta a sunkuye.

Aka kira Auta ƙaramin asibitin da aka yi hirar, Dakta da kanta ta gaya masa. Shi a saninsa yayarsa wasiƙun likitoci take bugawa a babban asibiti, don ba ta taɓa kawo zancen aiki gida ba. Dogo ya ce mutumin bai ɗaga murya ba. Ya tambaya sau ɗaya, "Duka ta ji?" Aka ce duka. Ya ce a goge, ya sa hannu, ya fita. Ciwon ciki ne ya fara kai shi asibitin, an kuma sa masa ranar dawowa don gwajin hanta. Ranar ta zo ta wuce bai je ba.

Asabar ta zo, Anti ta dafa abinci ta zauna tana kallon ƙofa har ya huce. Wata Asabar ɗin ma haka. Ta kira wayarsa, tana shiga ba a ɗauka. A ofis an ɗauke ta daga aikin sauraro an mai da ita shigar da alƙaluman takardun tambayoyi, ɗaya idan e, biyu idan a'a. Kwamitin ya rubuto mata takardar gargaɗi, ta farko a shekara talatin da shida na aikinta. Aka kuma kafa sabuwar doka, cewa kafin a ba mai bugu kowace hira sai an nuna masa sana'a da shekarun mai maganar. Babu wanda ya ce mata komai a baranda, amma gaisuwar ta yi gajarta.

A mako na uku ta kasa daurewa, ta tafi gidansa da la'asar. Matarsa ce kaɗai, tana ninke wanki a tsakar gida. Shekara goma sha huɗu da auren, amma Anti har yanzu Amarya take ce mata.

"Amarya, kin sani?"

Matar ta ajiye rigar da ke hannunta. "Yaya, ni da nake wanke kayansa?"

"Shekara nawa?"

"Tun ana goyon na biyun."

"Kuma kika rufe ni? Kullum ina zuwa gidan nan, kina kawo mini ruwa kina dariya?"

"In ce miki me, Yaya?" in ji matar. "Ranar da kika ga ya rame, ni kika kalla kika ce ba na kula da cikinsa. Da na ce miki giya yake sha, cewa za ki yi a hannuna ya lalace, tunda a hannunki lafiyarsa ƙalau. Sau nawa na shirya zan gaya miki, ina ganin fuskarki sai in fasa."

 Anti ta zauna a kan tabarma ta ɗauki wani wando ta fara ninkewa, suka gama ninkin tare.

Daga nan ta wuce shagon. Wuri ne mai tsawo da duhu, firji a jere har rufi, warin gas da tsatsa, wayoyi a rataye a ƙusa. Auta na tsugune bayan wani injin daskarewa da abin auna wuta a hannu. Ya ga ƙafafunta, bai ɗago ba.

"Auta."

"Sannu da zuwa, Yaya." Kamar yana gaida baƙuwa.

"Na yi laifi. An ce in tsaya, ban tsaya ba."

"Me ya kawo ki? Ai ba abin da ya rage da za ki tambaya. Kin ji na bayan shago, kin ji na Juma'a. Ko in buɗe miki firjin ki gani da idonki?"

"Ba don wannan na zo ba. An ce ba ka koma gwajin ba."

Ya yi wata dariya mara daɗi. "In koma in sake buɗe baki? Sau ɗaya a rayuwata na zauna na faɗi abin da ke cikina, saboda an ce mini bango ne ke saurare. Ashe ke ce a bayan bangon." Ya miƙe, ya goge hannu da tsumma. Sai a lokacin ta ga yadda idanunsa suka yi ɗorawa. "Ki tafi gida, Yaya. Ba na so in gaya miki maganar da zan yi nadama."

Ta tafi. A hanya ta wuce tashar motarsu ba ta sani ba, sai da ta dawo da baya.

Wata huɗu suka yi a haka. Ta rame har siket ɗinta na juyawa a ƙugu. Wani lokaci tana cikin shigar da alƙaluma sai ta tsaya a kan tambaya ta goma sha bakwai, wadda ke cewa ko mutum na da wanda yake gaya wa damuwarsa, ta ga biyu, biyu, biyu a jere, takarda bayan takarda. Takan yi tunanin kowane biyu yana da wata yaya ko wani wa a gida da ke bugun ƙirji da shi.

Wata Alhamis da rana Amarya ta kira ta tana kuka. Auta ya yi aman jini a shago, maƙwabta sun kawo shi babban asibiti. Anti ta sauko daga bene ba ta ko ɗauki jaka ba. Kwana tara ya yi a kwance, uku na farko bai san wanda ke kansa ba. Jikinsa na karkarwa, yana ganin abubuwa a bango, yana kiran sunan 'yarsa da ta rasu. Anti da Amarya suka riƙa karɓa-karɓa a kan kujerar roba ɗaya. Da ya farfaɗo ya gan ta, ya juya fuska bango. Ita dai ta ci gaba da zama. A kwana na bakwai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yaya, miƙo mini ruwa."

Likitan hanta bai ɓoye musu ba. Ya ce abin da ya lalace ya lalace, sauran kuma ya danganta da ko zai daina. Aka haɗa shi da sashen masu taimaka wa mutane su bar shaye-shaye, duk ranar Laraba. Ya daina wata biyar, ya koma, ya sake dainawa. Amarya ta kwashe yara ta tafi gidan iyayenta sau ɗaya, ta dawo bayan mako shida. Shagon ya ragu, don ba ya iya ɗaga kaya masu nauyi, sai ƙananan gyare-gyare.

Anti ta yi ritaya shekara biyu bayan haka, ba a yi mata wani dogon biki ba. Dakta ta zo har gida ta gaishe ta, suka sha shayi, suka yi hirar komai ban da wancan. Har yau Anti ba ta yanke hukunci a ranta ba ko Dakta ta kyauta da ta gaya masa. Wata rana takan ce da an rufe, da ya je gwajinsa a kan lokaci. Wata rana kuma takan ce da an rufe, da har yanzu tana zaune a kan ƙarya tana taƙama.

Tsakaninta da Auta bai koma yadda yake ba. Akwai maganganun da ba sa yi, kuma idan ta shigo ɗaki yakan ɗan gyara zama kamar an shigo da mai bincike. Amma ita ke raka shi ranar Laraba, don Amarya ta sami aikin ɗinki da ba ta iya bari. Sukan zauna a dogon benci a baranda, shi da katinsa a hannu, ita da jakarta a cinya, su jira a kira shi. Larabar da ta wuce layin ya yi tsawo, ma'aikaciyar ta fito ta ce likita ɗaya ne yau, kowa ya yi haƙuri. Auta ya ce idan ta gaji ta tafi, zai iya komawa shi kaɗai. Ta ce ba ta gaji ba, ta ciro ƙwayoyinsa na rana ta miƙa masa, ta tashi neman inda za ta samo ruwa.